Makullin Ilu Yana Bakin Zanena

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajiya Kuluwa daga unguwar Sukra, nan Sabha. Ga kacici-kacici gare ku masu saurare: ido biyu gare shi amma ba ya gani, ƙafa biyu amma ba ya tafiya. Mene ne?

Ɗana Ilu ya daɗe yana tuƙa ƙaramar mota. Bana ya samu aikin kamyo, ɗaukar dabino daga Samnu, amma sai da permin babbar mota, wanda mutanen nan ke ce wa ruksa. Da ya je gwajin ido, likita ya nuna masa wata alama mai ƙafa uku a bango, ya ce ina ta fuskanta? Tana kallon sama, Ilu ya ce ƙasa. Har sau huɗu!

Ya dawo yana cewa wai bangon ne ke da ƙura. Abokansa suka ce ya hau kamyon haka nan, wa zai sani? To ni na sani. Na ɗauke makullin kamyon na ƙulle a bakin zanena. Maƙwabta na cewa tsohuwa ta tare wa ɗanta abinci. Ku yi ta faɗa! 'Ya'yansa biyar, ni kuwa na tsufa da renon marayu.

Na sayo masa wani abu, na ce, "Sarkin direbobi, ɗora abin nan a hancinka ka koma wajen likita." Ya ce wai na tsofaffi ne. To da zanen nake kwana, da shi nake tashi.

Ina gaishe ka Ilu, na san kana saurare. Amsar kuwa tabarau ne, yana nan kan tagarka.