An Kori Sabi'u Daga Laburare

A tashar Kawo, ana jiran motar Zariya ta cika, Malam Hamisu maƙeri ya juya ga wani saurayi mai rungume da littattafai.

"Samari, ɗan jami'a ne kai? Warware mini wannan. An kori ɗana Sabi'u daga laburare, an karɓe katinsa, ga jarrabawa ta ƙarato. Haƙuri za ni bayarwa, amma ban gane laifin ba. Wai karatu yake yi."

"Baba, ba a korar mutum don karatu. Ko littafi ya yaga?"

"Bai yaga komai ba. Da murya yake karantawa, yana rausaya, yadda aka koya masa tun yana ƙarami. In kunnensa bai ji ba, ba ya zama masa a ka."

"Ai laifin ke nan. Can shiru ake yi."

"Shiru? To wa ke biya musu?"

"Babu. Kowa da littafinsa."

"In mutum ya yi kuskure, wa zai ji ya gyara?"

Saurayin ya sosa ƙeya. "Sai ranar jarrabawa a gani."

An ce matambayi ba ya ɓata, amma Malam Hamisu kam ga shi ya ɓace a zaune.

"To ta yaya ake gane mai karatu da mai barci?"

"Mai barci ba a korarsa, in dai bai yi minshari ba."

"Wato in je in ce musu ɗana ya tuba, ba za a sake jin karatu a bakinsa ba?"

"Haka za ka ce, Baba. Nan take za su ba shi katinsa."