Kawu Ya Wanke Tanki

KAWU: Salamu alaikum. Injiniya, kana ji na?

INJINIYA: Wa alaikumus salam, Kawu. Kun yini lafiya?

KAWU: Lafiya lau. Ya hanya? Ya taron naku?

INJINIYA: Alhamdu lillahi, gobe za mu gama. Ya mutan gida?

KAWU: Suna lafiya. Innarka tana ta cewa ɗanta ya tafi birni ya manta da ita.

INJINIYA: Kwana biyu fa kawai. Ya gadi? Matata lafiya?

KAWU: Wace matar taka kuma? Yaushe aka ɗaura ban sani ba?

INJINIYA: Matatar ruwa, Kawu, inda kake gadi.

KAWU: Layin ne ke tsinkewa. Ai dalilin kiran ke nan. Tun da ka samo mini aikin nan ban yi maka abin kirki ba, yau na yi. Ka san babban tankin nan mai kumfa, inda ruwan ƙazantar gari ke taruwa?

INJINIYA: Na san shi, shekara shida ina kansa.

KAWU: Shekara shida, amma ka kasa raba shi da wari. To yau na gama da shi. Ka zo ka shaƙa, kamar ɗakin asibiti.

INJINIYA: Kawu, me ka zuba?

KAWU: Kulorin ɗin da ke jibge a sito. Jarka huɗu. Da nufina biyu ne, sai na ce in za ka sha giya sha ta dubu.

INJINIYA: Inna lillahi. Wannan na ƙaramin tankin ƙarshe ne, kaɗan-kaɗan ake ɗiga shi. Babban tankin cike yake da ƙwayoyin halitta, su ke cinye ƙazantar.

KAWU: Ƙwayoyin cuta dai. Ai su na kashe.

INJINIYA: Su ne ma'aikatan gidan, Kawu. Ni iska kawai nake hura musu. Wata uku na yi ina renonsu kafin su kama aiki.

KAWU: Ikon Allah. Ashe kiwo kake yi ba ka faɗa mini ba. Ni fa na ɗauka ni kaɗai ke kwana a gidan nan.

INJINIYA: Yanzu ruwan da zai fita ɗanye ne, ga guba a kai. Saurara da kyau. A bayan tankin akwai jan sitiyari, shi ke buɗe bututun da ke zuba a kogi. Kada ka taɓa…

KAWU: Jan nan mai tauri? Na sha wuya kafin ya juyu.

INJINIYA: Ka juya shi?

KAWU: Har ƙarshe. Na ga ruwa ya yi ƙamshi, na ce me za a jira, kogi ma ya samu rabonsa.

INJINIYA: Tun yaushe?

KAWU: Bai fi awa ɗaya ba. Kai, muryarka ta canja. Abin ya kai haka?

INJINIYA: Ya kai. Ka ruga ka mayar da shi dama har ya tsaya, sannan ka kira shugaban masunta, a hana kowa taɓa kogin yau.

KAWU: Ga ni ina tafiya, da takalmi ɗaya ma. Sai dai… Injiniya, akwai wata 'yar magana.

INJINIYA: Faɗi, katinka zai ƙare.

KAWU: Da na buɗe, na leƙa unguwar gangare na yi musu albishir, na ce yau ruwan kogi tas yake, kowa ya ɗiba ya cika randa.

INJINIYA: Wa ya yarda?

KAWU: Duk dariya suka yi mini, ban da mutum ɗaya. Ta ce aikin ɗanta ne, ba ta shakka. Innarka ta ɗauki bokiti biyu tun…

INJINIYA: Kawu? Alo? Kawu!