Ƙarfen Raga Ya Kusa Kashe Mini 'Ya

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ce Maman Hauwa daga Kurudu.

Da aka ce gwamnati ta ba firamaren unguwarmu kuɗin gyara filin wasa, har guɗa na yi, don 'yata Hauwa, 'yar aji huɗu, ba ta da zance sai ƙwallo. Ɗan kwangila ya kafa ƙarafan raga, ya shafa musu farin fenti, manya suka zo aka ɗauki hoto. Ashe ko siminti bai zuba a gindinsu ba, ƙasa kawai ya tura.

Ranar Talata bayan ruwan sama, suna wasan ƙwallo Hauwa na tsaron gida, wani ɗan ajinsu ya kama saman ƙarfen ragar ya yi lilo. Ƙarfen ya tuge ya karya mata hannu, saura ƙiris ya sami kanta.

Na je wurin hedimasta ina kuka, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, mun rubuta takarda."

Jama'a, don Allah ina zan kai ƙara? Ɗayan ƙarfen yana nan tsaye, kuma da safen nan na ga yara uku suna lilo a jikinsa.