Ƙuli-ƙulina a Motar Shanu

Mata masu sana'ar abinci, ina gargaɗinku, kada arhar kuɗin mota ta ruɗe ku. Mai gabatarwa, sannu da aiki, a karanta yadda na rubuta.

Daga Sabon Garin Wudil nake, ƙuli-ƙuli nake aikawa Kudu. Da mota ta yi tsada, mu huɗu muka riƙa haɗa kayanmu muna raba kuɗin. Babban ɗana Sani, magidanci guda, ya ce wannan ma ɓarna ce. Ranar Juma'a, ban sani ba, ya ɗora buhunana uku a tirelar shanu.

"Umma, rabin kuɗi fa na biya," in ji shi, har da murmushi.

Kwana biyu buhunan suna tsakanin dabbobi. Matar da ta shekara bakwai tana saye a wurina ta bugo: "Hajiya, ƙuli ne wannan ko taki?" Tun ranar ba ta ƙara ɗaga wayata ba, ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye. Masu sauraro, ta yaya zan dawo da ita?

A gidana dai na kafa doka: abin ci ba zai ƙara hawa mota ba sai na leƙa cikinta da idona, na shinshina.