A Mayar Mana da Wasa Yamma

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban wannan taro, shugabannin hukumar gasarmu ta ƙwararru, masu ƙungiyoyi da sakatarorinsu, masu horar da 'yan wasa, alƙalan wasa, wakilan tashoshin talabijin biyu da ke zaune a sahun gaba, 'yan jarida, da iyayena da yayyena da ƙannena magoya baya da suka cika bayan zauren nan har wasu na leƙe ta taga, amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ku baki ɗaya.

Ina godiya ga shugaba da ya sa ni cikin masu magana, alhali ba ni da ƙungiya, ba ni da kujera a hukuma, ba ni kuma da ƙuri'a a zaɓen da za ku yi yau. Ni mai aski ne. Iyayen 'yan wasa ne suka zauna suka ce in zo in yi magana da yawunsu, wai tunda na saba yi wa mutane surutu suna zaune ba damar gudu. Ni ne kuma mahaifin ɗan bayan nan da kuke kira Shinge. Na ga wasu sun sunkuyar da kai da na ambace shi. Ku ɗago, yana raye, kuma ya ce in gaishe ku.

Abin da ya tara mu ba ɓoyayye ba ne. Tashoshi biyu na neman gasarmu ruwa a jallo: tsohuwar da ta nuna wasanninmu a kakar da ta wuce, da sabuwar da ke son ƙwace mu daga hannunta. Tun safe ake kai gwauro ana kai mari a kan wadda tayinta ya fi tsoka, da wadda kyamarorinta suka fi yawa, da wadda hotonta ya fi kai wa nesa. Ni ban zo in zaɓar muku tasha ba. Na zo ne a kan abu ɗaya da suka haɗu a kansa duk da gabar da ke tsakaninsu, abin da ban ji wanda ya tsaya a kai ba tun da aka buɗe taro. Dukkansu sun ce a take wasa da tsakar rana.

Magana ta farko, zan faɗi alherin talabijin, don kada a ce baƙin ciki ne ya rufe min ido. Kafin a fara nuna gasarmu, bangon shagona kaf hotunan 'yan wasan ƙetare ne, kuma duk wanda ya hau kujera askin ɗayansu yake so. 'Ya'yanmu suna gudu suna karyewa a filin da bai fi tafiyar ƙafa daga shagon ba, amma ko sunansu ba a sani ba. Da aka fara haska su, sai ga wani magidanci da gemunsa ya zauna ya ce min, "Maigida, askin Shinge nake so, in ka iya." Na ce masa zan ƙoƙarta. Ranar na yi farin cikin da ban taɓa yin irinsa a sana'ata ba. Talabijin ya sa an san yaranmu, ya sa albashi ya riƙa zuwa, ya sa mai ɗiya ya daina korar ɗan ƙwallo daga ƙofar gidansa. Wannan gaskiya ce, kuma na faɗe ta a gaban masu ita.

Magana ta biyu, me ya sa tsakar rana? Ba sai an yi mana dogon turanci ba. Akwai talabijin a saman madubin shagona, rimot kuma a hannun jama'a yake yini, na san abin da suke so da lokacin da suke son sa. Yamma ta gasar ƙetare ce. Kowace tasha ta sayi tata gasar ta can, kowacce na son ido ya tsaya a kanta in manyan ƙungiyoyi suka fito, yaƙinsu na gaskiya a can yake. Mu an ajiye mu ne mu riƙe musu mai kallo, kada ya canza tasha kafin lokaci ya yi. Wani mai gyaran babur da ke aski a wurina ya faɗa min ƙiri-ƙiri, ya ce, "Baba, kada ranka ya ɓaci, ai wasanku wanke hannu ne kafin a kawo abinci." Raina ya ɓaci, amma ban iya ƙaryata shi ba.

To ku dubi abin da wannan ya jawo. Da tsakar rana ɗan kasuwa ba ya rufe shago, direba ba ya ajiye mota, magini ba ya sauka daga gini, sai fili ya zama fayau. Da tasha ta ga babu jama'a a hoto, sai aka kawo dabara: aka garƙame rumfar da ke da inuwa, tunda a can kyamara take zaune ba ta ganin ta, aka kora kowa ɗaya ɓangaren da kyamara ke fuskanta, inda babu rufi, don mai kallo a gida ya ɗauka fili ya cika. Dattawan da suka yi shekara da shekaru suna zama a inuwar nan, waɗanda suka ga iyayen waɗannan yaran suna buga ƙwallo, suka zo sau ɗaya, suka zo sau biyu, suka zauna a kan siminti mai ƙuna, daga nan ba a sake ganin su ba. Aka rage hutun rabin lokaci. Aka soke tsayawar shan ruwa da alƙali kan bayar in rana ta yi tsanani. Dalili ɗaya ne, wai dole a gama da mu kafin masu sharhin gasar ƙetare su hau kujerunsu. Ɗazu na ji wakilin sabuwar tasha yana cewa ai a can ma ana buga wasa da rana. Ranka ya daɗe, muna ganin su. Tsakar ranarsu ce muke ganin koci cikin rigar sanyi, bakinsa na fitar da tururi. Tamu kuwa ko kare ba ya tsallaka titi a cikinta.

Magana ta uku ita ce mai nauyi, ina roƙon ku yi min haƙuri in muryata ta ƙi.

Ranar wasan ƙarshe na kakar da ta wuce ina shago, don a irin wannan lokaci kujera ba ta zama babu kowa. Rabin kan mutum na aske, injin na hannuna, ina satar kallon allo. Wasa ya kusa tashi. Na ga ɗana ya tsaya shi kaɗai, ba ƙwallo kusa da shi, ba wanda ya taɓa shi. Ya kama gwiwoyinsa, ya ɗago ya yi taku kamar mai laluben ƙofa a cikin duhu, sai ya kife da fuska. Na san faɗuwar ɗan wasa mai neman alƙali ya busa, na san faɗuwar mai cin lokaci. Wannan ba ita ba ce, don ko hannu bai sa ya tare ƙasa ba. Na ga abokan wasansa suna ɗaga hannu suna kiran likita, na ga wani ya cire riga yana yi masa fifita. Ina tsaye ina jira in ga ko yatsa ya motsa, sai hoton ya ɗauke. Sai ga mutum uku cikin kwat a ɗaki mai sanyi, suna dariya, suna tambayar juna wa zai ci wasan yamma a gasar ƙetare. Lokacinmu ya ƙare, nasu ya shigo.

Jama'a, na danna rimot ɗin nan kamar zan fasa shi. Na koma ɗaya tashar, ita ma nata masu kwat ɗin ne. Tashoshi biyu suna rububin wasan ɗana, amma babu ɗaya da ta tsaya ta gaya min ko yana numfashi. Na fita da gudu da farin ƙyallen aski a kafaɗata, na bar bawan Allah da rabin kai. Kafin in kai fili motar asibiti ta tafi. Daga baya abokan wasansa suka gaya min cewa yana kwance a ƙasa wani ma'aikacin tasha na bakin layi yana nuna wa alƙali agogo, wai a yi sauri a fitar da shi. Ban riƙe wannan ma'aikaci a zuciya ba, shi ma aiko shi aka yi.

Likita ya ce zafi ne ya dafa shi daga ciki, ruwan jikinsa ya ƙare, ƙodarsa ta kusa tsayawa. Mun yi zaman asibiti mai tsawo, muna kallon ƙarin ruwa yana ɗiga, muna kallon ƙaton da ke tare mutum uku shi kaɗai ya kasa riƙe kofi. Allah ya tashi kafaɗunsa. Shugabannin ƙungiyarsa sun tsaya mana, magoya baya sun yi ta sintiri, ina godiya. Amma kada wanda ya ce tsautsayi ne kawai. Ku tambayi masu horarwa da ke zaune a nan yara nawa ne suka yi amai a bakin layi a kakar da ta wuce, nawa aka kwantar a ɗakin canza kaya ana zuba musu ruwa. Ɗana ne kawai ya faɗi a gaban kyamara.

Magana ta huɗu, abin da muke roƙo. Masu ƙungiyoyi, na san halin da kuke ciki. Na san ba da tafi ake biyan albashi ba, ba da waƙar magoya baya ake zuba wa mota mai ba, kuma gidan ɗana ma daga hannunku yake ci. Ba mu ce ku kori talabijin ba. Cewa muka yi ku zaɓi wadda kuka ga dama, amma ku gindaya mata sharaɗi: ba a take wasa sai rana ta yi sanyi, a buɗe rumfar inuwa, a mayar da tsayawar shan ruwa, kuma kada a ɗauke hoto ɗan wasa na kwance. In yammar da suke so ta gasar ƙetare ce, to sati ba kwana ɗaya ba ne, su ba mu yammar da ba a wasa a can. Wasu na raɗa cewa in muka tsaurara duka biyun za su gudu. Ku dubi sahun gaba. Mutanen da za su gudu ba sa sammako su zo su zauna tun safe suna harare-harare. Kowaccensu na tsoron 'yar'uwarta ta same mu, kuma wannan tsoron shi ne kaɗai ƙarfin da muke da shi. Yau su ke roƙon ku. Da zarar kun sa hannu, ku ne za ku koma roƙo, kuma na ga yadda ake amsa roƙo a wajensu.

Ku kuma wakilan tashoshi, in har farin jinin gasarmu kuke so da gaske, to farin jini a fili yake farawa kafin ya hau allo. Gasar ƙetaren da kuke tinƙaho da ita, abin da ke sa tsikar jiki tashi shi ne jama'arta da ke cika fili suna waƙa, kaka da uba da jika a layi ɗaya. Ku bar namu su rufe shago su zo da yamma, za ku sami cikar da ba sai kun garƙame rumfa ba.

Saura magana ɗaya, in zauna. Ɗana zai koma fili. Likita ya ba shi dama, ya kuma ja masa kunne a kan rana, ya ce jikin da ya taɓa irin wannan faɗuwa ba ya jure ta biyu. Na zaunar da shi na ce ga shago, ga kujera, in koya masa aski. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ni ƙwallo na iya, da ita nake ciyar da matata da 'yata. Duk lokacin da aka busa, ina ciki." Magidanci ne, ba zan ɗaure shi da igiya ba. Saboda haka lokacin da za ku amince da shi yau, a lokacin zai tsaya a tsakiyar fili, shi da 'ya'yan duk iyayen da suka aiko ni. Da zan fito, mahaifiyarsa ta biyo ni har bakin ƙofa. Ba ta taɓa shiga filin ƙwallo ba, ba ta san sunan tasha ko ɗaya ba. Ta ce, "Malam, ka je ka jiyo min lokacin da suka yanke masa." Tana can zaune tana jira, kuma daga nan gida na nufa. Idan shugaba ya ce a ɗaga hannu, ina nan tsaye a gefe ina kallo, don abin da hannuwanku suka faɗa shi zan kai mata.

Allah ya yi muku jagora a kan abin da za ku yanke. Allah ya tsare 'ya'yanmu a fili da wajen fili, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin masu hidimar wannan wasa. Allah ya sa kada wani uba ya sake tsayawa gaban allo yana neman numfashin ɗansa. Allah ya ɗaukaka gasarmu, ya albarkaci wannan taro, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.