Leda a Murfin Tanki

A tashar Gusau, Dogo mai fito yana jiran motar Bungudu, ya karɓo injin jirginsa daga gyara. Wani dattijo ya nuna tankin.

"Ledar nan da ka naɗe murfin da ita fa?"

"Don kar fetur ya bi iska, Baba. Injin ne fitina, sai tsakiyar gulbi yake mutuwa, ga mata da yara."

"Ai hudar murfin ka toshe. In iska ba ta shiga ba, mai ba ya sauka."

Dogo ya warware ledar, ya riƙe hannun dattijon gam.

"Allah ya biya ka! Kai ma ka yi fito?"

"Ɗana dai ya yi, Allah ya ji ƙansa. Shi bai samu mai gaya masa ba."