Mai Gogen Cikin Faifai

A wani shagon kujeru a Memphis, inda ake sayar da faifan garmaho, mai shago ya sa faifan wani kiɗan baƙaƙen Amurka da ake kira bulus, na goge da jita. Lemuel, dattijon coci, ya ja tsaki har wata mata da ke duba kujera ta juyo.

"Kiɗan Shaiɗan ke nan, baiwar Allah. A cocinmu na Dutsen Zaitun, duk wanda muka kama da shi korarsa muke."

"Ni kam jitar ta yi mini, Baba. Mai gogen ne ya ɓata abin, sai ka ce an taka wa mage wutsiya."

"Mage? Ke kin san goge kuwa? Mai jitar ne ya zo a buge! Shi aka zaunar a bakin ƙahon ɗaukar sauti, mai goge kuwa aka tura shi jikin bango, ga zafi, ga taga a rufe."

"Ikon Allah. Duk a jikin faifan aka rubuta wannan?"

"A'a, labari na ji."

"To, an dai rubuta sunan mai gogen Makaho Joe."

"Ƙarya ce! Turawan kamfani ne suka laƙaba mini... suka laƙaba masa. Idonsa garau!"

"Na ga alama. Sunana Odessa, Baba. Mijina ne sabon faston da aka turo muku Dutsen Zaitun."

Lemuel ya share gumi, ya juya ga mai shago.

"Fayafayan nan da suka rage, naɗe mini su duka."

"Bar mini ɗaya," in ji Odessa. "Fasto ma yana da kunne."